Dangin Aguwa a Ƙasashen Ƙanƙara: Yadda Tsiron Magani Ya Zama Abin Ƙawa

Wanda ya zaga manyan lambunan ƙawa na Ingila ko Jamus ko Holan a watannin Afrilu da Mayu, da wuya ya fito bai ci karo da wani tsiro mai siraran ganye shuɗi-shuɗi ba, wanda kan kowane karansa ke ɗauke da curi mai launi tsakanin kore da ruwan ɗorawa. Masu lambu a can suna ji da shi ƙwarai, har lambun nazarin tsirrai na Jami'ar Oxford, wanda aka kafa a 1621, ya ware wa danginsa wuri na musamman. Yufobiya ake kiran wannan dangi, jinsinsa ya kai wajen 2,000, kuma a cikinsa ne aguwa da ƙerana da tinya da nonon kurciya suke. Alamar da ta haɗa su a fili take: a karya kara ko a tsinke ganye, sai farin ruwa mai kama da nono ya tsattsafo, ruwan da ke ƙona fata, idan kuma ya shiga ido yana iya hana mutum gani na kwanaki. Kusan shekara dubu biyu Turawa da Larabawa suna riƙe da wannan dangi a matsayin magani mai hatsari, sai ga shi cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai ya zama abin ado. Bayanin da aka saba yi shi ne ido ne ya buɗe, mutane suka gano kyan da suka daɗe ba su lura da shi ba. A ganina wannan bayani ya tsaya a rabin hanya. Abin da ya shigar da yufobiya lambunan ƙasashen ƙanƙara shi ne tsadar ƙwadago da makamashi da ruwa, wadda ta tilasta wa masu lambu neman tsiron da zai riƙe kansa, daga baya ido ya koyi son abin da aljihu ya zaɓa.

Rubutaccen tarihin wannan dangi ya faro ne daga Arewacin Afirka. Sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki tsohuwar daular Mauretaniya a yankin Maroko da yammacin Aljeriya na yau, daga shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa ta 23 bayanta, ya yi ɗan rubutu a kan wani tsiro na duwatsun Atlas, ya sa masa sunan likitansa Euphorbus, kamar yadda Pliny marubucin Rum ya ruwaito. Masana da dama suna ganin tsiron shi ne Euphorbia resinifera, mai kaurin jiki da ƙaya. Ƙaronsa ake nema, kuma ɗibarsa aikin jarumta ne. Likitan Girka Dioscorides ya bayyana yadda masu sana'ar ke ɗaura tumbin tunkiya a jikin tsiron, su ja da baya su soke shi da mashi daga nesa, nonon ya zuba a cikin tumbin ya daskare, duk don gudun kada ya fallatsa musu a fuska. Likitocin Musulmi sun gaji wannan magani da sunan furbiyun, kuma Ibn al-Baitar na Andalus, wanda ya rasu a 1248, ya sa shi a cikin kundinsa na magunguna. Da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya zo tsara sunayen tsirrai a 1753, sai ya ɗauki sunan da Juba ya bayar ya yafa wa dangin gaba ɗaya.

A arewacin Turai ma da rigar magani tsiron ya shiga lambu. A cikin umarnin da aka fitar wajen shekara ta 800 game da gonakin Sarki Charlemagne akwai jerin shuke-shuken da ake so a noma, kuma masana suna fassara ɗaya daga cikinsu da Euphorbia lathyris, wanda 'ya'yansa ke wanke ciki da ƙarfin gaske. John Gerard ya jera jinsuna da yawa na dangin a littafinsa na tsirrai na 1597, tare da gargaɗi a kan zafinsu. Talakawa kuma suna ɗiga nonon a kan tsiron fata don ya ƙone shi, wasu suna shuka lathyris a gefen kayan miya bisa imanin yana korar ƙananan dabbobi masu haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa. Lissafin nasu bai yi nisa da na manomin Kano ko Damagaram da ke kafa aguwa a bakin burtali ba: reshe ne za a soka a ƙasa ya kama, dabba ba ta cinsa, aikinsa ake so. Babu mai kallon furensa, kuma da dalili. Ainihin furen yufobiya ɗan mitsitsi ne, ba shi da fatun fure masu launi, yana zaune a cikin wani ɗan ƙoƙo da 'yan ƙulle-ƙulle masu fitar da zuma suka kewaye. Abin da ake gani daga nesa a ɗauka fure ne, ganye ne da ya sauya launi. A zamanin da ake auna lambu da wardi da tulif, wannan bai isa a kira shi fure ba.

Arzikin da Ingila ta yi a ƙarni na 19 ya ƙara nisanta yufobiya da lambun ƙawa. A 1845 gwamnati ta soke harajin gilashi, kwal ya yi araha, jirgin ƙasa yana kai shi ko'ina, ga 'yan ƙwadago birjik a kan ƙaramin albashi. Sai masu hali suka gina ɗakunan gilashi da ake hura wa wuta, suka cika su da furannin ƙasashe masu ɗumi: pelargonium da lobelia daga Afirka ta Kudu, salvia daga Meziko, calceolaria daga Kudancin Amurka. Ana renon dubban yabanya a cikin ɗumi duk tsawon lokacin sanyi, a ƙarshen Mayu a fito da su a dasa bisa zane, ja kusa da shuɗi kusa da ruwan ɗorawa, idan sanyin farko ya sauka a kaka a tumɓuke a zubar, baɗi a sake daga farko. Darajar irin wannan lambu tana cikin wahalarsa, domin duk wanda ya gani ya san maigidan yana ciyar da rundunar masu lambu, yana kuma ƙona kwal dare da rana. Tsiron da ke fitowa da kansa a bakin daji, ba ya neman wuta ba ya neman ban ruwa, ga shi kore-kore, ba shi da wata shaidar da zai bayar a kan arzikin mai shi.

Masu adawa da wannan salo sun fara ɗaga murya tun yana kan ganiyarsa. William Robinson, mai lambu ɗan Ayalan, ya fitar da littafinsa The Wild Garden a 1870, yana kira da a koma ga tsirrai masu jure sanyi, na gida da na wasu ƙasashe masu irin yanayin, a dasa su sau ɗaya a bar su su zauna. Gertrude Jekyll, wadda ta koyi zane kafin ta koma lambu, ta yi fama da ƙasa mai rairayi marar ƙarfi a gidanta na Munstead Wood a Surrey, kuma tana cikin waɗanda suka fara ɗaukaka wulfenii, wani reshe na Euphorbia characias da ke fitowa a kan duwatsun gaɓar tekun Adriyatik da Balkan, mai wuce mita ɗaya a tsayi, wanda ba ya zubar da ganye ko a tsakiyar sanyi. A 1891 wata Baturiya mai suna Mary Anne Robb ta ga wani jinsi mai duhun ganye a daji kusa da Istanbul, ta haƙo shi ta sa a akwatin hularta ta kawo Ingila, shi ne yau ake kira robbiae. Darajarsa ita ce yana rayuwa a busasshiyar inuwa a gindin manyan itatuwa, wurin da kusan komai ke mutuwa. Amma waɗannan mutane tsiraru ne, kuma shekaru da yawa lambunan hukuma da gidajen masu kuɗi sun ci gaba da dashe da tumɓuka kamar ba a yi magana ba.

Yaƙi ne ya yi abin da littafi ya kasa. A gidan sarauta na Chatsworth akwai katafaren ɗakin gilashi da Joseph Paxton ya gina, aka kammala shi wajen 1840, lokacin babu kamarsa a duniya. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, masu lambu suka tafi fagen daga, kwal ya yi wuya, tsirran da ke ciki suka mutu, a 1920 aka rushe ginin da nakiya. Abin da ya sami Chatsworth ya sami ɗaruruwan gidaje da ba su kai shi suna ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harajin gado da hauhawar albashi suka ƙarasa aikin, lambu ya koma hannun maigida da uwargida, su ne masu nome su ne masu ban ruwa bayan an tashi daga aiki. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Margery Fish, wadda ta raya lambun East Lambrook Manor a Somerset da hannunta, ta yi ta rubutu a shekarun 1950 da 1960 don irin waɗannan mutane, tana nuna musu tsirran da ke rufe ƙasa su hana ciyawa, kuma daga lambunta ne nau'in wulfenii mai suna Lambrook Gold ya fito. A wannan lokaci ne kuma ƙungiyoyin mata masu shirya furanni a tulu suka yawaita a Ingila, suka kamu da son wannan launi mai tsakanin kore da ɗorawa. Su ne suka yaɗa dabarar tsoma gindin karan da aka yanko a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci don nonon ya tsaya.

Bayan ƙwadago da kwal, sai ruwa. Beth Chatto ta fara lambunta a 1960 a Elmstead Market kusa da Colchester a Essex, ɗaya daga cikin yankunan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Ingila, inda abin da ke sauka a shekara bai wuce wajen milimita 500 ba. Mijinta Andrew ya shafe rayuwarsa yana nazarin asalin wuraren da tsirrai ke fitowa, ita kuma ta mai da binciken aiki. Farin 1976 ya ƙone lambuna a faɗin ƙasar, a 1978 ta fitar da The Dry Garden, a farkon shekarun 1990 kuma ta mai da tsohon wurin ajiye motoci lambun tsakuwa da ba a yi masa ban ruwa, yufobiya tana cikin ginshiƙansa. A Jamus, Richard Hansen na Weihenstephan ya gina irin wannan tunani a kan gwaji, yana rarraba tsirrai bisa mazauninsu na asali, hukumomin birane masu neman rage kashe kuɗi suka karɓa. Wanda ya dubi yadda characias ke rayuwa zai gane abin da ya ja hankalinsu. Kara yana fitowa a shekarar farko ya ci sanyi da ganyensa, a ƙarshen sanyi kansa ya sunkuya, sannan ya miƙe ya buɗe curinsa tun yawancin tsirrai ba su farka ba. Da yake launin a ganye yake, yana ɗaukar makonni bai kaɗe ba. Idan ya dushe a yanke tsohon karan daga gindi, sababbi suna nan sun riga sun taso. Wannan yanka na sau ɗaya a shekara shi ne kusan dukan aikin, kuma barewa da zomo ba sa kusantarsa saboda nonon.

Mai ja da maganar cewa tsada ce ta shigar da yufobiya lambu zai ce Robinson da Jekyll sun yi rubutunsu tun kafin yaƙi, kuma ba talakawa ba ne, Jekyll ma tana da masu yi mata aikin lambu, saboda haka ɗanɗano ne ya riga tattalin arziki. Gaskiya ne sun riga, amma abin da ke neman bayani shi ne yaɗuwar ra'ayin, domin ra'ayi yana iya zama shekara hamsin a littafi babu mai aiki da shi, kamar yadda nasu ya yi. Robinson kansa ya kafa hujja da ɓarnar kuɗi da ta ƙwadago da ke cikin dashe da tumɓuka, sai dai jama'a ba su ji hujjar a jikinsu ba sai da kwal da ma'aikata suka yi wuya. Duk da haka ɗanɗano yana da nasa rabo, kuma rashin adalci ne a hana shi. Da araha kaɗai ake nema, da kowace ciyawa ta wadatar. Cikin ɗaruruwan tsirrai masu juriya, ido ne ya lura cewa launin yufobiya yana fito da jan tulif da shunayyar furannin bazara, kuma siffarta tana ba lambu tsari a watannin da komai ya kwanta. Tsadar rayuwa ce ta shata filin, ido ya yi zaɓi a cikinsa.

Wani kuma zai ce aikin masu kiwon iri ne, su suka hore tsiron ƙasar zafi har ya saba da ƙanƙara. Shaida ba ta goyi bayan wannan ba. Nau'o'in da suka yi suna, irin su Fireglow da Alan Bloom ya fitar a Bressingham da Dixter na Christopher Lloyd, zaɓi ne na launi daga Euphorbia griffithii, wanda tun asali ɗan duwatsun Himalaya ne, daga Butan da Tibet, ya saba mutuwa har ƙasa a lokacin sanyi ya sake tohowa daga saiwa. Euphorbia polychroma, wanda ke rayuwa a lambunan Kanada da Minnesota inda sanyi ke kaiwa wajen digiri 30 ƙasa da sifili, daga tsakiya da kudu maso gabashin Turai ya fito da juriyarsa. Characias na Bahar Rum kuwa har yau yana shan wuya idan sanyi ya wuce digiri 12 zuwa 15 ƙasa da sifili, kuma sau da yawa laimar ƙasa ce ke kashe shi kafin sanyi, domin saiwar da ta saba da dutse tana ruɓewa a cikin yumɓu mai riƙe ruwa. Shi ya sa masu lambu ke cakuɗa masa tsakuwa su dasa shi a kan tudu. Hujja mafi ƙarfi ita ce poinsettia, ɗan wannan dangi daga Meziko, wanda aka kai Amurka a ƙarshen shekarun 1820 ta hannun jakada Joel Poinsett. Kusan shekara 200 ana kiwonsa, ana sayar da miliyoyinsa kowace Kirsimeti, an sauya masa launi da tsayi, amma har yau dare ɗaya na ƙanƙara ya ishe shi. Hali zanen dutse. Gwanintar masu lambu ita ce sanin inda za su ɗauko da inda za su ajiye.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, kuma Arewacin Amurka ne ke ba da ita. An fara ganin Euphorbia esula a Newbury ta jihar Massachusetts a 1827, daga baya ya mamaye miliyoyin eka na makiyaya a Dakota ta Arewa da Montana da filayen Kanada. Saiwarsa tana nitsewa mita da yawa a ƙasa, guntunta kaɗan yana tsirowa, kwanson 'ya'yansa yana fashewa a rana mai zafi ya watsa iri nesa, shanu kuma suna ƙaurace wa duk inda ya yi yawa. Sai da aka koma ga tumaki da awaki masu iya cinsa, aka kuma shigo da ƙananan ƙwari na jinsin Aphthona daga Turai tun shekarun 1980 don su ci saiwarsa. Za a iya cewa wannan bai shigo ta lambu ba, amma wasu biyu ta nan suka bi. Euphorbia cyparissias an yi ta shuka shi a maƙabartu don ba ya neman kulawa, daga nan ya tsallake shinge. Euphorbia myrsinites kuwa an tallata shi a yammacin Amurka a matsayin tsiron tsimin ruwa, yau yana cikin jerin miyagun ciyayin da jihar Colorado ta hana sayarwa ta kuma wajabta kawarwa, yara da dama sun ƙone fuska da nononsa. Wannan suka gaskiya ce, kuma ba ta rushe hujjata ba, ƙarfafa ta ta yi. Halayen da suka sa aka zaɓi tsiron, wato ba ya neman ruwa, dabba ba ta cinsa, yana shuka kansa, su ne dai halayen muguwar ciyawa idan ta sami ƙasar da babu ƙwarin da suka saba cinta.

Ƙarfin da ya tura yufobiya cikin lambu bai ja baya ba. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko tun da aka fara ajiye lissafi, kamfanonin ruwa suka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama, kuma duk shekarar da aka yi irin wannan sai kasuwar tsirran tsakuwa ta ƙara buɗewa. Ƙarni na 20 ya koya wa masu lambun ƙasashen sanyi tambaya ɗaya, wato ko tsiro zai rayu a nan ba tare da wuta da ruwa da ɗan ƙwadago ba, kuma dangin aguwa sun amsa ta fiye da yawancin tsirrai. Makiyayan Dakota da duwatsun Colorado sun ƙara ta biyu, wato ko zai tsaya inda aka ajiye shi. Jinsi ɗaya yana iya cin jarrabawar biyu a Essex ya faɗi ta biyun a jihar Utah ta Amurka, saboda haka hukunci a kan kowane jinsi na wuri ne, kuma hukumomin da ke duba jinsi ɗaya-ɗaya a ƙasa ɗaya-ɗaya sun fi masu yabon dangin gaba ɗaya da masu tsine masa gaba ɗaya kusa da gaskiya.